Shawarar Kawu Alhasan Kan Zaman Turkiyya

Alhasan manomi ne a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Suki, can ƙasar gabas a tsohuwar hanyar hajji. Yana da hawasha, gonar da ruwan hukuma ke ratsawa, amma ƙannensa ke noma ta. Shi aikinsa zama a rumfar Ali mai shayi, yana warware wa mutane al'amuran ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Iyakar tafiyarsa birnin Wad Madani, can ɗin ma ciwon haƙori ya kai shi.

Ana sauraronsa ne don ya haddace tarihin gida. Ya san yadda kakanni suka baro Sakkwato a ƙafa da niyyar hajji, suka tsaya bakin kogi neman guzuri, noma ya riƙe su, suka yi aure suka zama 'yan gari. Da wannan labari guda Alhasan yake yanke hukuncin kowace tafiya a duniya.

Kamal, ɗan ƙanwarsa Dije, ya tafi Turkiyya koyon gyaran firji. Da karatu ya zo ƙarshe, makaranta ta shaida musu iƙamar ɗalibi, wato izinin zama, za ta ƙare. Mai son zama ya ƙara wani karatun, ko ya sami maigidan da zai nema masa izinin aiki. Kamal ya samu maigida. Wani mai shagon gyara ya yarda, da sharaɗin ya tsaya wurinsa shekara biyu a kan ƙaramin albashi. A gida kuwa yaƙi ya watsa kasuwanni, Dije da sauran 'ya'yanta ba su da madogara sai Kamal.

Dije ta kai wa yayanta waya har rumfar shayi don ya sa albarka.

"Shekara biyu?" in ji Alhasan. "Wanga ai bauta ce! Kakanninka da sunka zo ƙasar nan, wa ya buga musu hatimi?"

"Kawu, nan ba haka take ba," in ji Kamal ta waya. "In iƙama ta mutu, kamu ake yi."

"Kamu! Mai sana'a a hannu? Yi aikinka, ka yi salla cikin jama'a, ka nemi ɗiyar mutanen kirki. Su da kansu za su ce ka zama nasu."

Ali ya ɗago daga kan buta. "Malam Alhasan, kai da ko fasfo ba ka da shi?"

"Shamuwa na da fasfo?" in ji Alhasan. Rumfa ta ɗauki dariya, magana ta ƙare nan.

Kamal ba ya musu da kawu. Ya ba mai shago haƙuri, ya shiga aikin yini ba takarda. Bai cinye damina ba 'yan sanda suka tare shi a tashar mota. Aka tsare shi, aka sako shi a jirgi, aka hana shi komawa na wasu shekaru. Kayan aikinsa suna can a ɗakin da yake haya.

Yanzu yana yankan riɗi a gonakin mutane, domin garin da wuta ba ta zama, ba mai neman gyaran firji.

Alhasan ya je yi masa barka da dawowa. "Ai gida ya fi," ya ce wa Dije.

"Yaya, gidan da ba a ɗora tukunya?" Ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

Kamal ya kira mai shagon nan, ko zai jira shi. Mutumin ya amsa da mutunci, ya ce wani ɗan ajin su Kamal ya karɓi gurbin, izininsa ma ya fito.