Wahalar da Na Sha Kan Sojan da Ban Taɓa Gani Ba

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da zuwa New York daga Zangon Kumasi ba. Ina zaune a unguwar Mount Hope, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Kamfani ya tura ni wurin wata tsohuwar Baturiya a Staten Island, kullum sai na hau jirgin ƙasa, na hau na ruwa, kafin in isa. Ƙafafunta sun gaza, amma hankalinta garau.

Tsohuwar nan ba ta da zance sai na yayanta. A Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin ma'aikatan jirgin sama mai jefa bom, shi ke riƙe da bindigar bayan jirgin. Wata rana suka tashi can wajen tsibiran teku, ba a sake jin ɗuriyarsu ba, ba gawa ba kabari. Tana ƙarama a lokacin. Ina mata wanka zancensa, ina ba ta magani zancensa, in na goge hotonsa na ajiye a karkace kuwa ranar na shiga uku. Wallahi har ta gundure ni.

Ana nan sai aka bugo waya daga ofishin sojoji, wai an gano tarkacen wani jirgi da ƙasusuwa, ana son yawun ɗan'uwa na jini don gwaji. Suka aiko da ɗan kwalin ɗaukar yawun. Ɗanta, wanda sai a yi wata bai leƙo ba, ya ce sam. Wai tun haihuwarsa yake jin labarin nan, ya gaji, kada a tayar wa uwarsa da hankali a banza. Ita kuma ta daina cin abinci. Na kira shi na roƙe shi, ya ce aikina wanka da girki ne, in tsaya a nan. Na kira kamfani, suka ce in bi abin da iyali suka ce. To ita ba iyali ba ce? Yayan waye ya ɓata?

Wata safiya ta buɗe kwalin da hannunta, ta yi abin da aka ce, ta miƙo mini, ta ce ba ta da ƙafar zuwa gidan waya sai tawa. Na kai. Da ɗan ya ji, ya kai ƙarata wurin kamfani cewa ina shiga sirrin gidansu. Aka cire ni nan take, ko sallama ba a bari na yi mata ba, aka bar ni makonni ba aiki.

Wata 'yar garinmu ce aka tura madadina, ita ta gaya mini tsohuwar ta rasu kafin sakamako ya fito. Da ya fito kuwa, yayan nata ne. 'Yar garin namu ta turo mini bidiyon jana'izarsa: sojoji sun jeru, ana busa, ga ɗan nan a sahun gaba yana karɓar tuta, har da share hawaye, yana faɗa wa mutane cewa iyalinsu ba su taɓa fid da rai ba. Na kashe wayar, takaici ya hana ni ƙarasawa.

Ban yi nadamar kai kwalin ba, sai dai na yi wautar yinsa ni kaɗai ba shaida. 'Yan'uwana masu wannan aiki, in irin haka ta taso, ku sa tsohon ya kira kamfani da bakinsa kafin ku taɓa komai. Ku kuma masu iyaye a raye, in tsoho ya nace wa suna guda kullum, ba gigin tsufa ba ne. Ku biya masa buƙatarsa yana da ran da zai gani, kada ku bari sai wurin jana'iza ku fi kowa kuka.