Baba da Ɗan Mai Baƙar Riga

Na yi shekaru ina tuƙi a Doha, na ga abubuwa iri-iri, mafi yawansu sun bi ruwa. Amma akwai wata Juma'a a wata gona a Umm Salal da na tabbata ba za ta fita daga raina ba muddin ina numfashi. Ko yanzu da na dawo Funtuwa, in na ji ƙanshin gahawa, fuskar wani dattijo ce ke fara faɗo mini.

A lokacin ina aiki ne a wani gida a Al Thumama. Kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, injiniya ne, matarsa likita, dukansu 'yan asalin Libiya. Bayan na ɗan jima a gidan sai aka kawo mahaifin matar ya zauna da su, saboda ciwon zuciya ya fara taɓa shi kuma matarsa ta rasu. Dogon mutum ne siriri, gashinsa fari fat, ya yi rayuwarsa yana koyar da tarihi a jami'a. Ni Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini "ɗana". Ɗan Larabcin da na koya a Islamiyya shi ya haɗa mu. Yakan yi mini magana a hankali, kalma bayan kalma, in na kasa ganewa ya cike da Turanci. Aikina ya koma kai shi asibiti, kai shi masallaci, sai kuma ranar Juma'a in kai shi gonar wani abokinsa ɗan Ƙatar a Umm Salal, ya zauna a inuwar dabino har la'asar sakaliya.

Wata rana muna fakin a bakin kantin magani muna jiran likita ta fito, sai wani abokina mai gadi da ke zaune a Mesaimeer ya kira ni yana ƙorafin shugabansu a wurin aiki, wai ya hana shi hutu. Ni kuwa na tsinci wata kalma a bakin wani ɗan Kenya, ina jin daɗin faɗinta. Na ce wa abokina ya rabu da shi, ai mutumin nan Fasist ne. A zatona kalmar fasiƙi ce Turawa suka lanƙwasa.

Ina ajiye waya Baba ya taɓa kafaɗata daga baya. Ya ce bai ji Hausa ba amma ya ji kalma ɗaya, yana son ya san me mutumin ya yi. Na faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce, "Wannan mugun shugaba ne kawai, ɗana. Kada ka ba shi sunan da ya fi ƙarfinsa."

Daga ranar motar ta zama aji. Ashe nazarin Fasistanci shi ne abin da ya ƙare rayuwarsa a kai. Ya ce azzalumai tun zamanin Fir'auna suna nan, amma Fasistanci sabon ciwo ne, a Italiya ya ɓulla bayan yaƙin duniya na farko, lokacin da sojoji suka koma gida ba aiki sai ɓacin rai. Wani mai iya baki ya ce musu ƙasarsu dā ita ce uwar duniya, wasu ne suka durƙusar da ita, kuma shi kaɗai zai tashe ta. Ya sa wa matasa baƙaƙen riguna, ya ba su kulki, ya nuna musu waɗanda za su doka. Baba ya ce azzalumi na yau da kullum so yake ka zauna a gida ka yi shiru, amma ɗan Fasist so yake ka fito fili ka yi masa tafi, ka kuma miƙa masa ɗanka.

Ya gaya mini asalin sunan daga damin sanduna ne da ake ɗaurewa wuri ɗaya. Na ce ai mu ma muna da irinsa, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ya tambaye ni ko tsintsiyar tamu akwai gatari a tsakiyarta, na ce babu. Ya ce to tasu akwai. Ranar da na gaya masa cewa yadda Larabawa ke kiran mutanen, fashi, a Hausa sunan ƙwace ne da makami, dariya ya yi har da tari, ya ce Hausawa sun riga malaman jami'a ganewa.

Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne rarrabewa. Fasistancin Jamus, in ji shi, ɗan'uwan na Italiya ne amma ya ɗora komai a kan jini da launin fata, ya kai abin inda ba a taɓa kaiwa ba. Janar ɗin da ya mulki Sifen kuwa soja ne da ya ari rigar don ta yi masa amfani, har gobe masana na gardama a kan ko a sa shi a cikinsu ko a ware shi. Yakan fusata in ya ji a rediyo an kira wani ɗan siyasa Fasist don kawai ba a son sa. Ya ce in ka kira kowane zazzaɓi annoba, ranar da annobar ta zo ba wanda zai saurare ka. Ina tuna waɗannan tafiye-tafiyen da kewa ƙwarai. Mukan tsaya a bakin titi in sayo mana karak, shayin madara, a kofin takarda, ya riƙe nasa da hannu biyu yana magana, ni ina tuƙi ina jin kamar an mayar da ni makarantar da ban samu na gama ba. Abu ɗaya ne bai taɓa faɗa mini ba, dalilin da ya sa ya zaɓi wannan karatun.

Juma'ar da nake magana a kai lokacin sanyi ne, irin sanyin Doha mai daɗi da kowa ke fita waje. Kafin mu tashi likita ta sake ja mini kunne kamar kullum, cewa in na ga ransa ya ɓaci ko numfashinsa ya canja in dawo da shi gida kai tsaye, ko da ya ƙi. Muka isa gona bayan sallah. An shimfiɗa darduma a rumfa, an kawo babban faranti na shinkafa da naman rago. Mai gonar mutum ne mai son jama'a, ba ya yarda direba ya ci abinci a mota, don haka ni ma ina zaune a gefe. A ranar akwai baƙo, wani Bature mai furfura, fuskarsa ta yi ja saboda rana. Injiniyan ban-ruwa ne da ya zo gyara bututun rumfunan tumatir. Mutum ne mai fara'a, ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa kamar ɗan gida.

Da aka zuba masa gahawa ya kurɓa sai ya ce, "Bahi." Ni ban ɗauki kalmar a bakin komai ba, amma na ga Baba ya ɗago kai. Haka 'yan Libiya ke cewa abu ya yi kyau, ba a faɗinta a Ƙatar. Baba ya tambaye shi inda ya samo ta. Baturen ya ce a bakin mahaifinsa. Ya ce shi ɗan Italiya ne, mahaifinsa yana saurayi gwamnati ta kai shi Libiya ta ba shi gona a Jabal Akhdar, ya noma ta har yaƙi ya kore su. Ya ce tsohon har ya mutu yana kewar ƙasar, yana cewa bai taɓa ganin jar ƙasa mai albarka irinta ba. Yana faɗin haka ne da murna, a zatonsa ya sami ɗan'uwa.

Baba ya ajiye kofinsa. Ya tambaye shi ko mahaifin nasa ya sa baƙar riga. Baturen ya ce ya sa, amma kowa ma ya sa a lokacin. Ya ce mahaifinsa ba ɗan Fasist ba ne, talaka ne kawai da yunwa ta koro, aka ce masa ga ƙasa babu mai ita.

Baba ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ba mai gonar haƙuri, ya ce mini, "Yalla, mu tafi, ɗana." Na riƙe hannunsa muka nufi mota. Mai gonar ya biyo mu yana tambayar lafiya, Baba ya ɗaga masa hannu kawai.

Na tuƙa mun fita daga gonar, ina kallon sa ta madubi. Leɓensa ya bushe. Na miƙa masa ruwa da ƙwayar da yake sawa a ƙarƙashin harshe. Mun kusa hawa babban titi sai ya fara magana, ba ni yake kallo ba. Ya ce mahaifiyarsa 'yar Jabal Akhdar ce. Tana ƙaramar yarinya sojojin Italiya suka kwashe ƙabilarsu gaba ɗaya, da raƙuma da tumaki, suka kora su a ƙafa zuwa wani sansani a hamada da aka kewaye da waya mai ƙaya. Ta shiga da iyayenta da ƙannenta, ta fito ita da wata gwaggonta kaɗai. Ya ce har ta tsufa ba ta iya ganin an zubar da ɓawon burodi. Ƙasar da aka ce babu mai ita, in ji shi, an fara kwashe masu ita ne tukuna.

Na ce, "Allah ya jiƙan su". Ya amsa da amin. Muka ɗan ƙara gaba, sai ya ce in tsaya. Na gangara gefen titi.

Daga nan ya ce ya yi shekara da shekaru yana gaya wa ɗalibai cewa tushen wannan bala'i shi ne a auna mutum da jininsa, a ce laifinka shi ne wanda ya haife ka. "Mutumin nan ba a haife shi ba lokacin," ya ce. "Na tashi daga kan abinci saboda ubansa. Juya mu koma."

Na tuna masa da maganar likita. Na ce in wani abu ya same shi ni za a tambaya, kuma gaskiya ina tsoron aikina. Ya ce 'yarsa ta san zuciyarsa ta wajen jijiyoyi ne kawai, in ya kwana da wannan abu a ciki shi zai fi kashe shi. Na duba fuskarsa, na ga launinta ya fara dawowa. Na yi bismilla na juya kan mota.

Mun tarar ba wanda ya taɓa farantin. Baturen na zaune ya sunkuyar da kai, da alama mai gonar ya ɗan yi masa bayani. Yana ganin Baba ya miƙe zai yi magana, Baba ya ce ya zauna. Ya tambaye shi sunan ƙauyen da aka ba mahaifinsa gona. Baturen ya faɗi wani suna na Italiyanci. Baba ya gaya masa sunan da wurin yake da shi kafin nan, da sunan ƙabilar da ke kiwo a can, ya sa shi ya maimaita har bakinsa ya iya. Sannan ya ba shi labarin mahaifiyarsa a taƙaice, ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Mahaifinka ɗan Fasist ne," ya ce masa. "Ƙarami ne, mayunwaci ne, na yarda. Amma da irinsu aka yi abin. Manyan ba su da yawan da za su cika fili su noma gonakin mutane. Ba zan rage masa sunan don ka ji daɗi ba. Kai kuma ba shi ba ne."

Baturen ya cire tabarau ya share ido. Ya ce akwai wata rana yana yaro ya tambayi mahaifinsa su wa suka dasa tsoffin itatuwan zaitun da yake yawan ba da labarinsu, tsohon ya mare shi, bai sake tambaya ba. Ya ce ya daɗe da sanin amsar, bai dai taɓa jin ta daga bakin mai ita ba. Ya nemi gafara. Baba ya ce ba shi da ikon yafewa a madadin waɗanda aka binne cikin rairayi, amma zai ci abinci da shi. Ya sa hannu a faranti, ya yago tsoka ya tura gaban Baturen. Shinkafar ta huce, haka muka ci ta.

Da muka koma gida ni da kaina na gaya wa likita abin da ya faru. Ta yi mana faɗa sosai, ni da Baba duka, amma da ta ji batun kakarta sai ta shige ɗaki. Ba ta sake tayar da maganar ba. Baturen ya ci gaba da zuwa gonar har ya gama aikinsa, sukan zauna da Baba suna gardama a kan tarihi. Ba zan ce sun zama aminai ba, amma Baba ne ke fara tambaya ko ya zo. Daga baya jikin Baba ya yi nauyi, fita ta gagara, kuma a Doha Allah ya karɓi abinsa. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Abin da na koya a ranar shi ne gaskiya da adalci tare suke tafiya, kuma riƙe su biyun a lokaci ɗaya ya fi riƙe ɗaya wuya. Na ga mutumin da ke da cikakken dalilin ƙiyayya ya kira mugun abu da sunansa bai sassauta ba, kuma bai ɗora wa ɗa kayan ubansa ba. Tun daga lokacin nake auna suna kafin in laƙa wa mutum, kuma in aka ce mini in ƙi wani saboda gidan da ya fito, sai in tambaya shi me ya yi da hannunsa.