Aguwar bakin ramukan tama

Kakana mahaƙin tama ne, dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Kafin a haife ni aka daina aikin, don maƙera sun koma kan ƙarfen tsofaffin motoci. Ramukan dai suna nan a dajin da ke tsakaninmu da Kurfi. Wani ya fi rijiya zurfi, bakinsa kuwa bai kai faɗin tabarma ba, da damina ciyawa ta lulluɓe shi ruf.

Gadon da aka bar wa gidanmu ke nan, ramuka tara da aikin tsaronsu. Duk bazara mahaifina yakan sari rassan aguwa ya kafa kewaye da bakin kowane rami. Dabba ba ta cin ta, kuma duk makiyayin da ya hango aguwa ta yi zobe a tsakiyar daji ya san ya kauce. Da ya rasu yayyena maza sun watse birni, aikin ya faɗo kaina. Ko da aka mai da wurin gandun daji, aka hana noma da saran ice, tsohon malamin daji bai taɓa tanka mini ba. Ya san abin da nake yi.

Bara waccan aka canja shi. Wata Bafulatana mai kawo mini nono ce ta ce, “Inna, an tuge aguwarki kaf, an tara an ƙone.”

Washegari na hau a-daidaita har ofishin malaman daji a Dutsin-Ma, gwiwoyina suna ta zugi. Na yi zaman jira a benci har azahar kafin sabon malamin ya gan ni.

“Inna, ai shingen gona ne,” in ji shi. “Haka suke farawa. Yau aguwa, gobe gero.”

Na ce, “Kai ɗan nan, a garinku gonar da ba ta kai akurkin kaji ba ake nomawa?”

Wani ma'aikaci da ke kusa da shi ya ƙunshe dariya. Shi kuwa ya baje wata babbar takarda, ya ce ga dajin nan duka, babu rami ko ɗaya a ciki.

“Takardarka ba ta da ƙafar da za ta karye,” na ce masa. “Zo da taka ƙafar.”

Sai da ya yi mako guda ya zo. Na wuce gaba, ɗaurin aguwa a kaina, ina zungurar ƙasa da doguwar gora. Da kashin tama nake gane hanya, baƙaƙen duwatsun nan masu huda tafin ƙafa. A ramin farko na ce ya jefa dutse. Ya jefa, ya saurara, ya daɗe yana saurare. Daga nan ya karɓi ɗaurin aguwar daga kaina ya saɓa.

Kwana uku muna yawo, muka kewaye takwas. Na taran da wata tsohuwar ƙirya nake gane shi, ita kuwa ta faɗi tuntuni, sai aguwar nake bi. Yanzu ba ƙirya, ba aguwa. Ko'ina geza ce iri ɗaya. Na zunguri ƙasa har kafaɗata ta sage. Malamin ya ce zai rubuta a aiko da masu awo. Ban gan su ba har yau.

Na bi rugage na gaya wa makiyaya su kau da shanu daga yammacin ƙorama, wajen da ramin yake. Wasu sun ji. Baƙin da ke wucewa fa, wa zai gaya musu?

Bana ƙafar ta ƙi, ko bakin dajin ban kai ba. Surukata ta ɓoye gorar don kada in fita, na san inda take, ban dai ɗauko ba. Ɗaurin da na sara don ramin nan yana jingine a bayan ɗakina. Ya yi saiwa a wurin, har ya fid da ganye.