Zakaran Dona Zulmira Mai Ido Biyu a Gefe Ɗaya

Dona Zulmira wanki take yi a layinmu na Brás, cikin São Paulo. Tun da mijinta ya rasu ba ta da abokin hira sai wani tsohon zakara mai suna Kanar, mai baƙin hali kamar mai gidan haya. Surukinta Belmiro kuwa in ya kalli Kanar, miyar kuɓewa kawai yake gani. Har rana ya sa: ran baftismar ɗansa za a yanka shi.

Ana haka sai Otacílio, wani mai zanen hoto da take yi wa wanki, ya dawo daga Paris da gemu da tari, ya ari zakaran ya zana. Ni na raka ta wurin da aka baje zanen. Wallahi na zaci keken doki ne ya bi ta kan tsuntsun: jiki shuɗi, duk kusurwa, idanu biyu a gefe ɗaya. Zulmira ta fashe da kuka, wai an ci mutuncin Kanar.

Masu tabarau da suka zo kallo kuwa sai musu suke. Wannan ya ce salon Faransa ne, wancan ya rantse fuskar irin ta sassaƙen Afirka ce. Wani ɗan jarida mai sanƙo ya ce, "Shuɗin nan teku ne. Ido ɗaya na kallon jiya, ɗaya na kallon gobe. Zakaran nan Brazil ce kanta."

Zulmira ta share hawaye, ta ce ya maimaita.

Ran baftisma Belmiro ya wasa wuƙa. "Inna, miƙo shi."

"Brazil za ka yanka? A gaban limamin coci?"

"Haba Inna, zakara ne fa."

"An buga shi a jarida. Kai an taɓa buga ka?"

Wake da shinkafa muka ci ranar, Belmiro yana tauna kamar mai cin tsakuwa.

Kanar tsufa ne ya kashe shi, bayan ya tsattsage ƙafar kowa a layin, har da tawa. Zanen kuwa ba wanda ya saya, yana jingine a ɗakin Otacílio. Wata rana na taya Zulmira kai masa wanki, ta tsaya gaban zanen, ta karkata kai, ta daɗe.

"Shi ne," ta ce. "Haka yake harara ta in na makara da masara."

Na buɗe baki zan yi dariya, tausayi ya hana ni. Ta laluba aljihunta, ta zuba 'yar masara a gindin zanen, ta ba shi haƙuri.