Haƙoran Motar Yaya Haladu

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayana Haladu, wanda mutanen garinmu Ɗanzomo da ƙauyukan bayanta suka fi sani da Haladu Mai Akori-kura. Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunana Sabo, bakanike ne ni a Gumel. Ban saba rubutu a jarida ba, hannuna ya fi sabawa da sifana. Amma a makon jiya na tsaya gidan mai, na dubi ɗan abin da aka zuba min, sai na ji bakina yana shirin cewa, “Yaya, zo ka gani.” Na waiga, babu kowa sai wani mai babur da ke jiran in matsa. Tun daga ranar nake jin sai na ba wani labarinsa kafin zuciyata ta huta.

Yaya ya girme ni da shekara tara. Kakanmu ɗan ayari ne, da raƙuma yake zuwa Damagaram tun zamanin da Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar nan ba, kuma a gidanmu ana cewa Yaya ne ya gaji idonsa. Kallo ɗaya zai yi wa rairayi ya san inda zai ɗauki taya da inda zai haɗiye ta. Motarsa tsohuwar akori-kura ce wadda aka ce fara ce a da. Ran Alhamis yana kai mutane kasuwar Maigatari da riɗinsu da zoɓonsu da awakinsu, sauran ranaku kuma Gumel, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar. Yawancin direbobi a bakin kwalta suke tsayawa, mai kaya ya kawo kayansa a kan jaki. Shi kuwa Yaya sauka yake yi ya bi hanyar amalanke har ƙofar gidan mutum.

Ni Kano aka tura ni koyon gyaran mota. Na dawo da akwatin kayan aiki da kuma girman kai, wanda ya fi akwatin nauyi. Dawowata ta zo daidai da wata shekara da aka yi wahalar mai. Gidajen mai a rufe, layi har ya sha kwana, sai ƴan bumburutu da galan a bakin titi. Motar Yaya kuwa mashayiya ce. Yakan ce, “Ni da ita muke neman abinci, amma ita ke fara ci, ni in sami ragowa.”

Wata rana na shiga ƙarƙashinta ina duba birki, sai na ce, “Yaya, na san maganin shan man motar nan.”

Ya tsuguna ya leƙo. “To, likita, faɗa min.”

Na yi masa bayani kamar yadda aka yi min. A tsakiyar aksul na baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, akwai wata tukunyar ƙarfe, a cikinta akwai faifai biyu masu haƙora, babba da ƙarami. Su ne ke karɓar juyin inji su miƙa wa tayoyi. Na motar kaya an yi su ne don ƙarfi, sai inji ya yi juyi da yawa kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Idan aka cire su aka sa irin na ƙaramar mota, inji zai rage wahala a kan gudu ɗaya, ƙugin zai ragu, shan mai ma ya ragu.

Ya shafa gemu. Can ya ce, “Abin da aka rage mata, daga ina za a cire shi?”

Na ce, “Daga ƙarfin ja. Ɗan kaɗan ne, ba za ka ma ji ba.”

“Sabo, motar nan a rairayi take cin abinci.”

“Yaya, ai rabin tafiyarka a kan kwalta ne. Ƴan Kano duk haka suke yi.”

Sai da na shafe kusan wata ina binsa da maganar kafin ya yarda. Na je Kano na samo haƙoran a wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, na kwana biyu ina daidaita su. Kuma gaskiya ta yi aiki. Man da a da yake ƙarewa kafin ya iso gida daga Maigatari, yanzu sai ya kwana a tanki har ya kai shi Gumel washegari. A kan kwalta motar ta daina ihu, tana tafiya kamar sabuwa. Yaya ya ji daɗi ƙwarai. Ya riƙa nuna ni a tasha yana cewa, “Ga ƙanina, karatun Kano bai tafi a banza ba.” Har ya fara maganar cewa in abin ya ɗore, shekara biyu ko uku zai tafi aikin Hajji. Ban taɓa jin kaina ya kumbura kamar a watannin nan ba.

Ya dai ce min sau ɗaya, “A wajen tudun rairayin nan na bayan Garin Kanya tana ɗan nishi.” Na ce ya rage wa tayoyi iska. Bai sake tayar da maganar ba.

Da kaka ta yi, wata Laraba da hantsi, ya je Garin Kanya ɗaukar riɗi. Ya gama lodi ke nan sai aka shigo da wani manomi, Malam Audu, an ɗauko shi a kan ƙyauren ɗaki. Kububuwa ce ta sare shi a ƙafa yana ɗaga damin gero. Ƙafar ta fara kumbura, jini yana tsattsafowa daga dasashinsa. Yaya bai tsaya sauke kaya ba, don ya sha wuce hanyar nan da lodin da ya fi wannan. Aka shimfiɗa mutumin a kan buhuna, matarsa da ƙannensa biyu suka hau, ya ja mota.

A tudun nan ta tsaya. Ya koma baya ya sake tahowa da gudu, ta kai rabi ta mutu. Ya sa giya ta ɗaya, ya taka totur, ya riƙa wasa da kuloci har warin ƙuna ya tashi. Suka sauke buhunan gaba ɗaya, suka tone rairayi da hannu, suka shimfiɗa kara, suka tura. Amma kuloci ya riga ya ƙone. Inji yana kuka, taya ba ta motsi. Sai da ɗaya daga cikin ƙannen ya ruga gari ya zo da amalanken shanu, aka kai Malam Audu bakin kwalta, aka tari wata motar. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, sai bayan la'asar suka isa asibiti a Gumel. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya rayu, amma ƙafar ta lalace, an yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Kwana biyu bayan nan aka jawo motar garejina. Yaya ya sauko daga motar da ta ja ta, riƙe da wani buhu, ya ajiye a gabana. Na buɗe. Tsofaffin haƙoran ne, ya shafe su da giris ya naɗe a tsumma. Ni na ɗauka tuni an sayar wa masu gwangwan, ashe a ƙarƙashin rumbu ya ɓoye su.

Ya ce, “Sabo, mayar mata da haƙoranta.”

Na ce, “Yaya, ko da tsofaffin ne a ciki tana iya kafewa. Lodi ne ya yi yawa.”

“Shekara goma sha ɗaya ina hawa tudun nan. Na san abin da take iyawa.”

“To laifina ne ke nan?”

“Ban ce ba. Kai ka faɗa min za a rage ƙarfi, ni na ce a rage. Ni ne kuma ban sauke buhunan tun a gari ba.”

Na ce to ya bar haƙoran yadda suke, ya daina shiga ƙauyuka, ya tsaya a kan kwalta kamar kowa. Na tuna masa Hajjin da yake buri. Ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, “Na bakin kwalta suna da motoci goma. Na bayan rairayi ni kaɗai gare su. In na daina zuwa, wa zai je?”

Na kama aikin. Ya zauna a kan tsohuwar taya yana miƙo min sifana, ni kuma ina karɓa ba na ko kallonsa. Haushi nake ji, kuma a lokacin ban san na wa ba. Yanzu na san na kaina ne. Abin da ya fi damuna har yau shi ne ban taɓa buɗe baki na ce masa, “Yaya, ka faɗa min tana nishi, ni ne ban saurara ba.” Kullum ina cewa sai wata rana.

Motar ta koma shan manta. Yaya ya ci gaba da shiga ƙauyukansa shekara goma sha uku bayan nan. Bai sayi mota ta biyu ba, bai je Makka ba. Abokan tasharsa da suka tsaya a kwalta wasu sun zama masu manyan motoci, ana kiransu Alhaji, shi yana nan Haladu. Malam Audu kuwa ya koma saƙar igiya da tabarma, kuma duk ranar kasuwa Yaya yakan biya ta gidansa ya ɗauke shi, ya zaunar da shi a gaba kusa da shi. Ban taɓa jin sun yi maganar ranar nan ba. Hirar damina suke yi da ta farashin tumaki.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Manyan motoci sun cika Maigatari, babura suna ratsa kowane lungu har cikin Nijar, kusan kowane ƙauye akwai mai wayar da zai kira a kawo ɗauki. Wannan zai faranta masa rai, na tabbata. Amma mai ya yi tsadar da wahalar waccan shekarar ta zama abin dariya. Direbobin yanzu suna kashe inji a gangara, suna cusa mutum biyu a kujerar mutum ɗaya, wasu sun jingine motocin sun koma noma. Suna zuwa garejina su ce in yi musu dabarar rage shan mai, kuma ina yi, don na ga halin da suke ciki, ba zan ce musu su yi abin da Yaya ya yi ba. Ban ma sani ba ko shi kansa zai iya a wannan zamani. Wataƙila da ya sayar da motar. Wataƙila da ya zo ya ce min, “Likita, babu wani maganin?” Na fi son in ji wannan tambayar daga bakinsa fiye da duk wani abu da zan iya samu yanzu.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. Da likitoci suka ce a mai da shi gida, ya ƙi shiga motar haya, ya ce a kawo tasa. Ni na tuƙa. Ya rame har kujerar ta yi masa yawa, ya jingina kai da ƙofa, idonsa a rufe. Mun kusa Ɗanzomo sai ya ce, “Sauka daga kwalta. Bi ta baya.”

Na ce, “Yaya, girgizar za ta wahalar da kai.”

Ya ce, “Bi dai.”

Na sauka. Mutanen da ke gonaki suka ga motar, suka riƙa ɗago hannu, wasu suna ajiye fartanya suna tahowa bakin hanya. Mata a bakin rijiya suka tsaya da guga a hannu. Na faɗa masa. Ba ya iya ɗaga musu hannu, sai ya ce in danna ham. Na yi ta dannawa, gari bayan gari. Da muka tunkari wani wuri mai zurfin rairayi, ƙafata ta nufi kuloci. Bai buɗe ido ba, kunnensa kawai ya ji. Ya ɗora hannunsa a kan gwiwata ya ce, “Bar ta a giya ta biyu. Kada ka taimake ta, za ta fita da kanta.” Na ɗauke ƙafa. Ta yi gurnani, ta yi rawa, ta fita. Na ga ya yi murmushi. Bayan kwana shida ya rasu.

Bai bar gidan bene ba, bai bar fili ba. Ƴaƴansa biyar sun girma, biyu suna koyarwa, ɗaya tana aikin jinya a Gagarawa. Motar ta daɗe da mutuwa. Amma har gobe in na shiga ƙauyukan nan gyaran injin niƙa ko na ban ruwa, da zarar wani dattijo ya ji an ce ƙanin Haladu ne, sai ya tashi daga tabarmarsa ya ce in zauna. Ni da ban taɓa kai ɗayansu ko'ina ba. Ina zama, ina shan ruwan da aka kawo, kunya tana kama ni, kewa tana kama ni.

Allah ya kai haske kabarinka, Yaya. Ya sauƙaƙa maka hanyar da ke gabanka kamar yadda ka sauƙaƙa wa bayinsa tasu. Mu da muka rage, Allah ya sa mu iske ka cikin rahama.