Injin Babur a Motar Yaya

Yayana mai walda ne a Gumel, ƙofofi da tagogi yake yi wa mutane. A bayan rumfarsa kuwa akwai abin da ya daɗe yana haɗawa da bututun ƙarfe: 'yar mota mai kujera biyu, gajeriya, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ni a lokacin motar haya nake ja tsakanin Gumel da Gagarawa, don haka duk ranar da ban fita ba, ina wajensa.

Inji ne ya tsayar da aikin. Wani maƙwabcinsa ya ba shi na tsohuwar akori-kura kyauta. Da ƙyar muka ɗora shi da taimakon mutanen unguwa, muna saki kuwa sai gaban motar ya durƙusa, tayoyin suka baje. Yaya ya daɗe yana kallo.

"Wannan a kwanar farko zai kai ni lahira," in ji shi. "Ku sauke."

Ranar kasuwar Maigatari muka tafi nema. Wani Alhaji mai sayar da kayan gyara ya nuna mana guda biyu: injin ƙaramar mota haɗe da giyarsa, da na wani ƙaton babur da aka shigo da shi daga Damagaram. Ni na motar ya kwanta mini, don kayan gyaransa ko'ina akwai. Yaya kuwa ɗayan ya nufa. Ya sunkuya ya rungumi na babur ɗin, ya miƙe da shi shi kaɗai.

"Abin da na iya ɗauka, ita ma za ta iya."

"Yaya, injin babur ba shi da giyar baya fa."

"Kai da kake nan? In ta kama, ka sauka ka tura."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki.

A bayan kujeru ya ɗaure injin, ya ja sarƙa daga nan zuwa tayoyin baya. Sarƙar nan ita ta tsaya mini a rai, don dab da bayanmu take gudu, in ta tsinke mu za ta fara samu. Na yi ta mita har ya yi mata murfin ƙarfe.

Gwajin farko Sule Tankarkar muka nufa, wajen Innarmu. Yaya na tuƙi, ni na ƙanƙame ƙarfen gefe, kunnena na kan sarƙa, bakina na salati. Muka zo wani kwari mai rairayi inda manyan motoci ke kafewa. Na ce, "Yaya, rage!" Bai rage ba. Motar ta bi ta kan rairayin ta wuce kamar ba ta taka ba. Sai a nan na saki ƙarfen, na ga tafin hannuna sharkaf da gumi. Na ja dogon numfashi, sannan na fara ganin gonakin gero da muke wucewa.

Inna ta fito jin ƙara. Ta zagaya motar, ta dube mu fururu da ƙura.

"Duk wahalar nan, ko rufi babu?"

Ta dama mana fura. Yaya ya sha rabi, ya miƙe a tabarmar zaure, barci ya kwashe shi. Da ya farka sai da ya rama la'asar.