Bayanin da Yaya Bello bai rubuta ba

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Bello, kuma duk lokacin da noman rani ya kama sai mutuwarsa ta dawo mini sabuwa.

Shi ya haɗa wa ƙungiyar manoman shinkafa ta Gulma manhajar da ke raba musu ranakun ban ruwa. Kyauta ya yi ta, ya bar ta a buɗe, duk mai ilimin abin yana iya duba cikinta ya gyara. Rubuta yadda take aiki ne kawai ya ƙi. Ni ne malamin gonar da ke amfani da ita, na roƙe shi har na gaji. Sai dai ya aiko mini da saƙon murya daga Gwadangaji, in saurara in goge. In na matsa, ya yi dariya ya ce, "Mi kaka tsoro? Rubutu na mai shirin tahiya na."

Sauran saƙonnin suna cikin wayarsa. Da aka raba gado ta faɗa a kason ƙanwarmu, ta kai wa mai gyara ya wanke ta tas. Ban ga laifinta ba. Ina zaune a wurin rabon, hankalina yana kan gona.

Bara ruwa ya ci wani sashe na fadamar, tsarin rabon ruwan ya rikice. Na kawo masana biyu daga Birnin Kebbi, suka duba manhajar suka ce ƙofa a buɗe take, ɗakin ne babu fitila. Muka koma ga manhajar wani kamfani. Littafinta kam madalla, babi-babi har da hotuna, amma da Turanci, kuma gonar da yake bayani a kanta ba ta san ambaliya ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Da Bello zai ga yau, ina jin dariyar za ta ɗauke. Maƙwabtan da manhajarsa ta sasanta sun koma zare wa juna fartanya a bakin ruwa, kuma ni suke kallo. Gaskiya na fid da rai.

Alherinsa yana nan, amma ba mai iya taɓa shi. Da masanan ke bincike, layi ɗaya tak suka samu da Hausa a cikin manhajar, suka nuna mini: "Zan yi bayanin wannan daga baya."

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Har yanzu muna jira.